Sharhi: Takardar Likita Da Makomar Malamai A Ƙasar Masar

A ran 9 ga watan Oktoba na shekara ta 2023, babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya miƙa wa shugaba Abdul Fattah al-Sisi takardar shaida a birnin Alƙahira, wadda ta tabbatar da cewa Masar ce ƙasa ta farko a duniya da ta kai matakin zinariya a kan hanyar kawar da ciwon hanta nau'in C. Kwanaki kaɗan bayan wannan biki, wasu malaman makaranta maza da mata suka yi cincirindo a ƙofar ma'aikatar ilimi da ke sabon babban birnin mulki, gabas da Alƙahira, suna neman a gaya musu dalilin da ya sa aka soke sunayensu daga jerin waɗanda za a ɗauka aiki, alhali kuwa sun ci jarrabawa. Abin da da yawa daga cikinsu suka riga suka fahimta shi ne, an kayar da su ne ko dai saboda jikinsu ya yi nauyi, ko saboda suna da juna biyu, ko kuma saboda ba su jima da haihuwa ba. Jami'an tsaro sun tarwatsa taron, aka kuma tsare mutum 14, waɗanda aka gurfanar gaban masu gabatar da ƙara na tsaron ƙasa bisa zargin shiga ƙungiyar ta'addanci da yaɗa labaran ƙarya.

Wanda ya kalli waɗannan al'amura biyu daga nesa zai ɗauka babu abin da ya haɗa su sai kalanda. To amma fa tushensu ɗaya ne. A duk lokacin da annoba ta firgita hukuma, tsoron nan ba ya tsayawa a asibiti. Yakan sulale ya shiga cikin takardar da ake cikewa wajen ɗaukar ma'aikata, ya zama sharaɗi, kuma ko da an shawo kan cutar sharaɗin yakan zauna daram, har ya haifi 'ya'ya. Malamin makaranta kuwa shi ne ya fi kowa shan wannan ukuba, domin da zarar an ambaci yara, babu wanda ke ƙara tambayar ko sharaɗin yana da hujja.

Babu inda ya fi dacewa a tsaya a dubi wannan batu kamar unguwar Abbasiyya. Tun da Abbas Pasha na ɗaya ya gina barikokin soja a wannan fili a tsakiyar ƙarni na 19, unguwar ta zama wurin da gwamnatin Masar ke kai duk abin da take son ta killace ko ta horar. A nan asibitin masu taɓin hankali yake tun shekara ta 1883. A nan asibitin cututtukan ƙirji yake, da kuma babban asibitin zazzaɓi da cututtuka masu yaɗuwa, wanda a gefensa rundunar sojan ruwa ta Amurka ta kafa cibiyar bincikenta mai suna NAMRU-3 a shekara ta 1946, shekara guda kafin annobar kwalara ta 1947 ta hallaka mutum wajen 10,000 a ƙasar. A cikin wannan unguwa ne kuma jami'ar Ain Shams ke yaye dubban matasa a kowace shekara, da yawansu da burin riƙe alli. Ga kuma Madinatul Bu'uth, masaukin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje da aka buɗe a shekara ta 1959, inda 'ya'yan Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram suka kwana suka tashi, kuma kowannensu ya san cewa kafin a ba baƙo izinin zama don karatu ko aiki sai an ɗibi jininsa an auna. Watau a cikin tafiyar ƙafa ta rabin sa'a mutum zai wuce inda ake horar da malami, da inda ake auna shi, da inda ake killace shi.

Kafin a yanke hukunci a kan wanda jininsa ya nuna ciwon hanta a Masar, wajibi ne a san yadda cutar ta shige shi. Tun zamanin Fir'auna manoman bakin kogin Nilu ke fama da tsargiya, wadda ake ɗauka a cikin ruwan magudanan ban-ruwa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980, ma'aikatar lafiya ta ƙasar, tare da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta yi gangamin yi wa miliyoyin mutanen ƙauye allurar wani magani a jijiya, kuma kowane majinyaci sai an yi masa allura goma sha wani abu kafin ya kammala. Ma'aikatan jinya kan jera jama'a a layi, manya da yara 'yan makaranta, suna amfani da sirinji na gilashi da ake sake tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, wani lokaci ma ba a samun sukunin yin hakan. A wancan zamani ba a ma san da ƙwayar cutar hanta nau'in C ba, domin sai a shekara ta 1989 masana suka gano ta. An daina allurar bayan da aka samu ƙwayar magani ta haɗiya mai suna praziquantel, amma aikin gama ya riga ya gama. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a shekara ta 2000 ya nuna yadda yawan masu cutar a kowane lardi ya bi sawun yawan allurar da aka yi a can. Sa'ad da aka gudanar da ƙidayar lafiya ta ƙasa a shekara ta 2008, an tarar kashi 14.7 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 59 jininsu na ɗauke da alamar cutar, adadin da babu kamarsa a duniya.

Ma'anar wannan a fili take. Yaron da aka fito da shi daga aji a wani ƙauye na lardin Kafr al-Shaikh ko Minufiyya aka sa shi a layin allura, bisa umurnin hukuma, shi ne ya girma ya yi karatu ya zama malami, kuma shi ne daga baya aka ce jininsa bai cancanci aiki ba.

Abin mamaki, a ƙasar waje aka fara lura da girman matsalar. A farkon shekarun 1990, likitoci a birnin Riyadh suka ga cewa Misirawa ma'aikata da ke zuwa ba da gudummawar jini suna fita da alamar cutar fiye da kowace al'umma nesa ba kusa ba. Ba da jimawa ba gwajin ciwon hanta ya shiga cikin sharuɗɗan da ƙasashen Larabawa na yankin tekun Fasha ke gindaya wa duk baƙon da ke neman aiki a cikinsu, tare da gwajin ƙanjamau da hoton ƙirji. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce, wanda aka ga alamar ciwon hanta nau'in B ko C a jininsa, ko aka ga tabon tsohon tarin fuka a huhunsa, sai a buga masa hatimin rashin cancanta, ba tare da la'akari da ko mahauci ne, ko direba, ko malamin nahawu ba.

Sai an san matsayin malamin Masar a duniyar Larabawa sannan za a gane zafin wannan hatimi. Tun daga shekarun 1950 Masar ke ba da aron malamai ga Saudiyya da Kuwait da Libiya da Aljeriya da Yaman, kamar yadda Azhar ke tura nata malaman zuwa Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka. Ga malamin gwamnati da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, shekara huɗu na aro a Jidda ko Kuwait su ne kuɗin gida da na aure da na aurar da ƙanne. Sau da yawa kuma a wajen wannan gwaji na tafiya ne mutum ke fara jin cewa yana da cutar, domin takan yi shekara ashirin ko talatin a jiki ba ta nuna kanta ba. A rana ɗaya sai ya rasa kwangila, ya kuma koma gida da labarin da zai ɓoye wa surukai. A cikin gida ma kamfanoni da dama sun kwaikwayi wannan ɗabi'a, suna neman takardar shaidar kuɓuta daga cutar kafin su ɗauki mutum.

Abin tambaya a nan shi ne, wane haɗari ne malami mai ciwon hanta nau'in C ke jawo wa ɗalibansa? Cutar ta jini ce. Ana ɗaukarta ta hanyar allura ko aska ko kayan tiyata da ba a tsabtace ba, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. Ba a ɗaukarta ta tari ko musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, balle ta alli da allo. Likitan fiɗa da hannunsa ke shiga cikin jikin majinyaci yana iya zama abin a duba. Malamin lissafi kuwa babu abin da ke fita daga jikinsa ya shiga na yaro.

Akwai kuma wani ɓangare da ya fi wannan muni, wanda ya shafi shi kansa gwajin. Gwajin farko mai araha da ake yi wa jama'a ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun yaƙin da jiki ya yi da ita yake nema, watau ƙwayoyin kariya da jini ke haifarwa idan cuta ta shigo. Wannan sawu ba ya gogewa. Kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka kamu, jikinsu kan kori cutar da kansa cikin 'yan watanni ba tare da magani ba, amma sawun yana nan har mutuwa. Haka ma wanda ya sha magani ya warke sarai. Sai an yi gwaji na biyu mai tsada, wanda ake kira PCR, sannan ake bambance mai cuta da wanda ya rabu da ita. Ƙidayar 2008 ɗin nan da ta sami kashi 14.7 masu sawu, ta sami kusan kashi 10 ne masu ƙwayar cutar a zahiri. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin uku da gwajin farko zai kayar, lafiyarsa ƙalau. Duk ma'aikatar da ta tsaya a gwajin farko, ta hukunta mutum ne saboda ya taɓa ciwo, kamar a ƙi ɗaukar wanda ke da zanen ƙyanda a fuska don gudun kada ya shafa wa yara.

Dole a yaba wa Masar a kan abin da ta yi daga baya, domin abin a yaba ne. A shekara ta 2006 ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da cututtukan hanta, tare da cibiyoyin magani a larduna. A shekara ta 2014 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Gilead na Amurka, inda ta sami maganin sofosbuvir a kan dala 900 na makonni 12, a lokacin da ake sayar da shi dala 84,000 a Amurka. Daga nan kamfanonin cikin gida suka shiga sarrafa shi, farashin ya ƙara faɗuwa ƙasa warwas. A watan Oktoba na 2018 aka ƙaddamar da gangamin da aka laƙaba wa suna Lafiya Miliyan 100, inda cikin watanni bakwai aka auna manya kusan miliyan 50 a masallatai da coci-coci da tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu, aka kuma ba waɗanda aka samu da cutar magani kyauta. Bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasar ta gano kashi 87 cikin ɗari na masu cutar, ta yi wa kashi 93 na waɗanda aka gano magani, yawan masu ita kuma ya sauko zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara ta 2022.

Sirrin wannan nasara shi ne an cire tsoro daga gwaji. Mutum ya miƙa yatsarsa ne domin ya san cewa abin da ke jiransa a ƙarshen layi magani ne, ba kora ba. Da an ce wanda aka samu da cutar zai rasa aikinsa, da tantunan gangamin sun wuni babu kowa.

Shi ya sa abin da ya biyo baya ya zama abin takaici. Gangamin na 2018 bai tsaya ga hanta ba, ya auna hawan jini da ciwon sukari da nauyin jiki, kuma ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na manyan ƙasar suna da ƙiba fiye da kima, mata kusan rabi, maza kuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. A ƙarshen wannan shekara shugaba al-Sisi da kansa ya fito fili yana kukan yadda Misirawa suka yi teɓa, yana kira gare su da su motsa jiki. Babu laifi a cikin wannan kira. Laifin ya zo ne sa'ad da ma'aunin da aka kawo don a yi wa jama'a nasiha ya koma ƙofar da ake rufe musu.

A farkon shekara ta 2022 gwamnati ta ba da sanarwar ɗaukar malamai 30,000 a kowace shekara har tsawon shekara biyar, domin cike giɓin da ya daɗe yana addabar makarantun gwamnati. Hukumar tsara ma'aikata ta ƙasa ta shirya jarrabawa ta kwamfuta, masu nema suka zauna, aka fitar da waɗanda suka ci, galibinsu mata masu neman koyar da ƙananan azuzuwa. Sai a shekara ta 2023 aka ɓullo da wani sabon mataki: duk wanda za a ɗauka aikin gwamnati sai ya bi ta kwalejin horas da hafsoshin soja. A can aka auna tsayin malamai da nauyinsu, aka sa su gudu da sauran wasannin ƙarfi, aka yi musu gwajin asibiti, sannan suka tsaya gaban wani kwamiti da ke duba siffa da kamala, irin wanda ake yi wa masu neman zama hafsoshi. Dubbai ba su tsallake ba. Macen da ke da ciki wata bakwai, ko wadda aka yi wa fiɗa wajen haihuwa makonni kaɗan kafin ranar, ba ta da yadda za ta yi da filin gudu. Tun da kuma ƙiba ta fi yawa a cikin mata kamar yadda alƙaluman gwamnati da kanta suka nuna, ma'aunin nauyi ya zama rariya da ta fi tace mata ko da ba a rubuta haka ba.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil-Adama, ciki har da wadda ake kira EIPR a taƙaice, sun kai maganar gaban kotun da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a, kuma hujjarsu tana cikin kundin tsarin mulkin ƙasar na 2014. Sashe na 14 ya ce muƙaman gwamnati haƙƙin 'yan ƙasa ne bisa cancanta. Sashe na 11 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa mace damar riƙe muƙami da kuma kula da uwa. Sashe na 53 ya haramta nuna bambanci, har ya yi umurni da a kafa hukuma mai zaman kanta don kawar da shi, wadda har lokacin da aka tsare malaman nan ba a kafa ta ba. Bugu da ƙari, Masar ta rattaba hannu tun shekara ta 1960 a kan yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ba ta yarda da wani sharaɗi na ware mutum ba sai wanda shi kansa aikin ke bukata. Duk wannan kuwa a ƙasar da ministan iliminta, Muhammad Abdul Latif, ya shaida a shekara ta 2024 cewa tana da giɓin malamai kusan 470,000, ga ɗalibai wajen miliyan 25, wasu azuzuwan kuma yara sun haura 100.

Ba za a yi adalci ba idan aka ce hukuma ba ta da hurumin duba lafiyar wanda za ta damƙa wa 'ya'yan jama'a. Tana da shi, kuma akwai cututtukan da aji ne dandalinsu. Malamin da ke da tarin fuka mai aiki a huhu, yana magana sa'a shida a ɗakin da tagoginsa ke rufe, haɗari ne na gaske ga yara sittin. Amma shi ma wannan haɗarin yana da iyaka: wanda ya fara shan magani mai aiki yakan daina yaɗa cutar cikin makonni kaɗan, kuma yakan warke cikin wata shida. Abin da ya dace da shi hutun jinya ne da albashi. Haka nan a lokacin annobar korona, wadda Masar ce ta fara ba da rahoton ɓullarta a nahiyar Afirka a ran 14 ga Fabrairu na 2020, kuma asibitin zazzaɓi na Abbasiyya ya kasance cikin wuraren da aka fara tantance masu ita. Daga tsakiyar Nuwamba na 2021 gwamnati ta hana ma'aikatanta shiga wuraren aiki sai da shaidar rigakafi ko ta gwaji na mako-mako, kamar yadda gwamnatin tarayyar Nijeriya ta yi daga ran 1 ga Disamba na wannan shekara. Mutane da yawa sun yi gunaguni, amma wannan doka tana da abubuwan da suka raba ta da hatimin ciwon hanta. Cutar tana bin iska, saboda haka aji yana cikin haɗari. Akwai kuma ƙofar fita da kowa ke iya bi a rana ɗaya. Da annobar ta lafa, dokar ta bi ta.

Wannan bambanci ba sabon tunani ba ne, kuma abin lura shi ne a kan wata malamar firamare aka fara tsara shi a shari'a. Gene Arline ta yi jinyar tarin fuka a shekara ta 1957, ta warke, ta koyar a gundumar Nassau ta jihar Florida daga 1966. Da cutar ta dawo mata sau uku a 1977 da 1978, sai hukumar makarantu ta sallame ta a 1979. A watan Maris na 1987 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta yanke cewa ba a korar ma'aikaci don kawai sunan cutarsa yana ba da tsoro. Wajibi ne a dubi halin wannan mutum shi kaɗai, bisa ra'ayin likitoci: ta wace hanya cutar ke yaɗuwa, har tsawon wane lokaci yake iya yaɗa ta, wace irin illa za ta yi wa wani, kuma mene ne yiwuwar hakan ya faru. Da aka mayar da shari'ar ƙaramar kotu aka yi wannan bincike, sai aka tarar ta cancanci aikinta. A cikin wannan shekara ta 1987, lokacin da firgicin ƙanjamau ya kai ƙololuwa, wata kotun ɗaukaka ƙara ta dogara da hukuncin ta mayar da Vincent Chalk, malamin yara masu raunin ji a jihar Kalifoniya, cikin ajinsa bayan an tura shi aikin ofis.

Inda aka ƙi bin wannan hanya, an ɓata shekaru a banza. Koriya ta Kudu ta wajabta wa baƙin malaman Turanci gwajin ƙanjamau daga shekara ta 2007, ba tare da ta wajabta wa malamai 'yan ƙasa ba. Wata malama 'yar New Zealand da ta ƙi yarda ta rasa kwangilarta, ta kai ƙara, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ba ta gaskiya a 2015, amma sai a 2017 aka soke dokar. Ƙasar Sin kuwa, mai miliyoyin masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, sai a shekara ta 2010 ta hana a auna shi wajen ɗaukar aiki da shiga makaranta.

Masu karatu a ƙasar Hausa kada su ɗauka wannan tatsuniyar wasu ce. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekara ta 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Yawancin masu nau'in B tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko daga askar wanzami da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, kuma yawancinsu ba su sani ba. Shi ma ba ya bin iska, akwai kuma allurar rigakafinsa da ake yi wa jarirai. Idan aka mai da shi sharaɗin ɗaukar malamai, daga cikin kowane mutum goma sha biyu da suka nema za a jefar da ɗaya tun ba a ji karatunsa ba.

Dokar Nijeriya ta taɓa wannan fanni, amma da yatsa ɗaya. Georgina Ahamefule, ma'aikaciyar jinya a Legas, an kore ta a 1995 bayan an auna jininta ba da saninta ba, kuma a 2001 alƙali ya hana ta shiga ɗakin kotu don gudun kada ta shafa wa mutane. Sai a 2012 ta sami hukuncin da ya ba ta gaskiya da diyyar naira miliyan 7. Bayan shekara biyu aka kafa dokar tarayya ta 2014, wadda ta hana mai ɗaukar aiki ya sanya gwajin ƙanjamau sharaɗi. Dokar ta ƙanjamau ce kaɗai, ba ta ambaci hanta ko tsohon tabon tarin fuka ko sikila ba, alhali takardar shaidar lafiya da ake nema wajen ɗaukar aiki a ma'aikatu da makarantu masu zaman kansu ba ta da iyakar abin da mai makaranta zai ce a rubuta a ciki.

A watan Mayu na 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da rukunin jini na sikila, kuma ta haramta tsangwamar waɗanda aka samu da su. Wata guda bayan haka jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi saboda ƙarancin malamai da azuzuwa. Sakamakon dokar farko shi ne dubban samari da 'yan mata za su riƙa fitowa daga ɗakin gwaji da takarda a hannu, su ne kuma waɗanda doka ta biyu ke bukata a gaban allo. Takardar da liman ya gani a ranar ɗaurin aure ba ta da wuyar kaiwa ga kunnen mai makarantar unguwa, wanda shi ma yana cikin sahun 'yan ɗaurin auren. Abin da ya rage ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar da takwarorinta na Katsina da Sakkwato da Kaduna shi ne su rubuta a fili abin da likita zai duba a jikin mai neman aikin koyarwa da abin da ba ruwansa da shi, kuma sakamakon ya tsaya a hannun likitan, shugaban makaranta ya ga kalma ɗaya kawai: ya cancanta, ko kuwa a jira shi ya gama shan magani.